Sai Dai a Daure

Daga Kawu, ranar Asabar

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki direba in yana gari, ina gaida ɗanki, abokina Sarkin Cokali. Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwar hagu da ta ƙi jin magana, da kunne da ya ƙara nauyi. Tela ne ke rubutawa kamar kullum. Ina kan bencinsa ina faɗa, shi kuma yana mitar na hana shi ɗinki.

Wata huɗu ke nan ban ga takardarki ba. Kar ki ce min ai kin kira wayar Tela. Tun ranar da kika tafi aikin nan na gaya miki ba na maganar waya. Kunnena ba ya kamawa, in yi ta "iye, iye" a gaban mutane, kuma maganar waya iska ce, in ta wuce ta wuce. Takarda kuwa a akwatin ƙarfe nake ajiye ta, ranar da na ga dama a sake karanta min.

Ni na riƙe ki tun rasuwar ƙanwata kina 'yar shekara biyar, ga shi sunan mahaifiyata kika ci, don haka na san shirunki iri-iri. Akwai na gajiya, akwai na fushi, akwai wanda kike yi in kin fasa abu kin tura bayan ƙofa. Na ukun nan nake ji.

Yaya abokina? A lissafina ya cika shida. Har yanzu yana jera cokula daga bakin ƙofa zuwa ƙafar gado? Ya fara cewa wani abu? Ki faɗa masa babban cokalina da ya tafi da shi bara ban yafe ba.

Ki rubuto, kar ki tace min magana.

Kawunki.

*

Daga 'yar ƙanwarsa, ranar Laraba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso jiya, a tsaye na karanta ta a bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ka gaishe min da Baba Tela. Muna lafiya. Baban yaro yana kan hanya, yanzu sai ya yi sati uku bai kwana gida ba. Aiki yana nan, ina sashen nannaɗe sabulu, takwas zuwa huɗu.

Ka canka daidai, akwai magana.

Mun kai abokinka wajen likitar yara. Ta sa shi a wani ɗaki mai kayan wasa, ta yi ta kallonsa kusan awa guda, ta yi min tambayoyi har na gaji. Ta ce sunan abin otizim, wasu na cewa galahanga. Ta ce ba jifa ba ne, ba laifin kowa ba ne, haka aka halicce shi. Ƙara da haske da taɓawa suna shigarsa fiye da yadda suke shigarmu. Yana jin magana, mayarwa ce ke masa wuya. An haɗa mu da wata malama da ke koya masa nuna abin da yake so da hotuna, sau ɗaya a sati. Cokula suna nan, sun kai sha tara, naka ne a gaba.

Abin da ya hana ni rubutu shi ne ya fara gudu. Da an buɗe ƙofa sai ya fice kamar an harba kibiya, kuma kullum babban titi yake nufa. Sati biyu da suka wuce wata motar yashi ta taka burki a kansa, har yanzu ina jin ƙarar a haƙorana. Mai facin bakin titi ne ya fizgo shi ta wuyan riga. Takalminsa ɗaya a kan kwalta ya rage.

Ana tashinsu makaranta da sha biyu. Tsohuwar maƙwabciyata da ke riƙe min shi har in taso aiki ta ce ƙafarta ba ta iya binsa, in nemi wata. Ban samu ba. Na tambayi likita ko akwai abin da za a ba shi ya daina gudun. Ta ce babu magani, sai dai a daure. To Kawu, abin da muke yi ke nan.

Ka sa mu a addu'a.

'Yarka.

*

Daga Kawu, ranar Litinin

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta jira, yau ba ni da bakinta.

Sau uku na sa Tela ya karanta min ƙarshen takardarki. Sau ukun duk abu ɗaya ya faɗa: likita ta ce sai dai a ɗaure, kuma abin da kuke yi ke nan. Tun daga nan ban sa komai a bakina ba sai ruwa.

Wace irin likita ce wannan? A ina ta yi karatun? Ni ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in na yi ina ɗaure kaya a bayan manyan motoci, na san abin da ake ɗaurewa. Buhu ake ɗaurewa, da katako, da ganga. Ki gaya mata ni na faɗa.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Tela ya ajiye almakashi, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kar ya gyara min.

Kin san mu biyu ne, ni da mahaifiyarki. Mu uku ne. Akwai namiji a tsakaninmu, na girme shi da shekara biyar. Mahaifiyarki tana goye lokacin, ba ta san shi ba, kuma bayan rasuwarsa ba a ƙara kiran sunansa a gidanmu ba. Duk wanda ya san shi ya mutu, saura ni. Ɗan Juyi muke ce masa, don in ya sami murfin tukunya sai ya wuni yana juya shi a ƙasa, ya kwantar da kunci yana kallo. Bai taɓa magana ba. Yana da wani ɗan gurnani mai daɗi da yake yi a maƙogwaro, kamar mai rera waƙa da baki a rufe. In ka kira shi ba ya waiwayowa, amma in aka ajiye kwano da ƙarfi a gida na uku sai ya toshe kunne ya ɗora ihu. Ranar da kika kawo min abokina yana shekara uku, na ga ya kwanta a ƙasa yana daidaita cokali, sai da gabana ya faɗi. Na ce ko tsufa ne ke nuna min abin da babu.

Da ya kai shekara bakwai ya fara gudu. A nemo shi nan, a nemo shi can. Rannan aka tsinto shi a bakin hanya, keken shanu ya kusa bi ta kansa. Dattawan unguwa suka zo suka zauna da mahaifinmu, suka ce don lafiyarsa ne, na ɗan lokaci ne, kafin ya yi hankali. Akwai wani ƙaramin ɗaki a bayan gidanmu da ake ajiye itace, da ginshiƙi a tsakiya. A nan aka sa shi, igiya a ƙafar dama.

Satin farko ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Sati na biyu ya yi ta buga ƙeya a ginshiƙin. Daga baya ya daina, kowa ya ce ka gani, ya natsu. Gurnanin nan ne ya fara ɗaukewa. Sai ya daina juya murfin, ko an miƙa masa. Mahaifiyarmu, mai sunanki, ita ke kai masa abinci, ta fito ta tsaya a bayan ɗakin ta dafa bango. Tana ƙaunarsa, kar ki yi zaton ba ta ƙaunarsa. Ƙaunar ce ma ta sa ta yarda.

Ɗan lokacin nan shekara huɗu ya zama. Igiya ta ci fatar, wurin ya zama gyambo, a canja ƙafa, ita ma ta ci. Da rana tsaka ya rasu, da zazzaɓi, yana shekara sha ɗaya. Da aka ɗauke shi bai fi nauyin ɗan shekara biyar ba.

Uwata, ba wanda ya yi niyyar shekara huɗu. Kowa kwana biyu ya yi niyya.

Ki kwance shi yau, kafin ki ninke takardar nan. In aikin ne ki bar aikin, ki kwaso shi ku taho, ɗakina ya ishe mu. Ki amsa min da wuri.

Kawunki.

*

Daga Kawu, ranar Alhamis

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, don ni ban san ko kuna lafiya ba.

Yau kwana ashirin da huɗu. Kullum da hantsi ina bakin shagon Tela ina jiran mai kawo wasiƙu, har ya fara sauya hanya in ya hango ni. Tela ya kira wayarki sau biyar ba da sanina ba, ya ce tana shiga ba a ɗagawa. Da ya gaya min ban yi masa faɗa ba. Ki auna da wannan.

Jiya ina alwala na ji ƙarar burki a kan titinmu, buta ta kuɓuce min. Ban san wanne nake tsoro ba yanzu. In na rufe ido in gan shi a ƙarƙashin mota, in na buɗe in gan shi a gindin ginshiƙi. Ko kin kwance shi don maganata, ya fita, wani abu ya faru, shi ya sa kika kasa rubutowa? In haka ne ki faɗa min, ni na jawo, ni zan ɗauka.

In kuma fushi kika yi don na zagi likitarki, ki yi fushinki, amma ki rubuto layi ɗaya: yana raye, ƙafarsa lafiya.

Na tambayi kuɗin mota. Shekara tara ban hau ba saboda gwiwar nan. In Asabar ta sama ta wuce ban ji ki ba, za ki gan ni a ƙofarki, ko da ɗaukata za a yi.

Kawunki.

*

Daga 'yar ƙanwarsa, ranar Lahadi

Kawu,

Wa alaikumus salam. Yana raye. Ga shi nan a gabana yana jera cokula. Kar ka hau mota da gwiwar nan.

Ka ce wa Baba Tela ya ɗauko takardata ya fita da ita haske. Daure na rubuta, Kawu, daure na haƙuri. Likita cewa ta yi sai dai a daure, a yi ta koya masa a hankali. Ba ta taɓa cewa a ɗaure kowa ba. Tun ina makaranta kan "d" ɗina yake lanƙwashewa kamar mai ƙugiya, malamai sun yi faɗa har sun gaji. Da na kai wurin a wasiƙarka sai da dariya ta kuɓuce min, na ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Dariyar ba ta kai ƙarshen shafin ba.

Na ɗauki biro ya fi sau goma in rubuta maka cewa kuskuren karatu ne, hankalinka ya kwanta, shi ke nan. Da na yi haka ban yi ƙarya ba. Amma na kasa, shi ya sa ka ji ni shiru, shi ya sa na ƙi ɗaga waya.

Kawu, ina ɗaure shi.

Ba likita ta ce ba, ba ta ma sani ba. Babansa ma bai sani ba. Tun ranar da tsohuwa ta ce ta gaji. Da sha biyu nake fitowa hutun rana a guje, in ɗauko shi daga makaranta, in ba shi abinci. Ɗakinmu ɗaya ne, risho yana ciki, tagar ba ta da ƙarfe, kuma ya iya hawa kujera ya zare sakata. Kulle ƙofa kaɗai bai isa ba. Sai na tsaga tsohon zanena gida biyu na haɗa ya yi tsawo, gefe ɗaya a ƙafar gado, gefe ɗaya a ƙafarsa. Ina sa masa safa tukuna don kar ya ci fatar. Ina ajiye ruwa da fo da cokulansa inda hannunsa zai kai. Daga ɗaya zuwa huɗu da kwata. Ɗaurin da ka koya min na akwati nake yi, wanda ba ya zamewa.

Na ce wa kaina na sati ɗaya ne kafin in sami mai riƙo. Yau sati bakwai.

Ranar farko tun daga bakin titi nake jin ihunsa. Ina tsaye a gaban injin sabulu na kasa nannaɗe ko ɗaya, har shugabar sashe ta ce ko ba ni da lafiya. Yanzu ba ya ihu. Jiya da na gama ba shi abinci, da kansa ya zauna a bakin gado ya miƙo min ƙafa. Na ji daɗi, Kawu, na ce ya saba. A ranar takardarka ta ƙarshe ta zo, na koma na sake karanta wadda ta gabace ta, inda ka ce kowa ya ce ya natsu.

Ba zan iya barin aiki ba, kuma in na taho da shi wurinka ya rabu da malamarsa, ga shi ya fara nuna hoton kofi in yana jin ƙishirwa. In na kwance shi, titi. In na bar shi, ɗakin itace. Gobe Litinin, ƙarfe ɗaya za ta yi, ban san abin da hannuna zai yi ba.

Ka zage ni in za ka zage ni.

'Yarka.

*

Daga Kawu, ranar Laraba

Uwata,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da yana raye. Ina gaishe ki, ina gaishe shi.

Tela ya fita da takardar cikin rana, ya cire tabarau ya mayar, ya ce ninkin takarda ne ya bi ta kan harafin. Na ce ninkin idonsa dai. Ya ce a ba likita haƙuri. Na ce shi ya karanta, shi zai bayar.

Ba zan zage ki ba. Ban gama miki labarin ba ne.

Na ce miki "aka sa shi", "aka ɗaure shi". Ba aka ba ne. Mahaifinmu ya riƙe igiyar, ya kasa. Mahaifiyarmu ta juya baya. Ni ina shekara sha biyu, na riga na iya ɗauri, ina taƙama da shi. Na ce kawo in yi. Ɗan Juyi bai yi gardama ba don ni ne, ni kaɗai yake bari in taɓa ƙafarsa. Ɗaurin da kike yi wa abokina, a ƙafar ƙanena na fara gwada shi a jikin mai rai. Shekara sittin da shida ban faɗa wa kowa ba. Tela ya tsaya da rubutu, na ce ya ci gaba.

Ga abin da ya sa na faɗa. Bayan rasuwarsa da shekaru, na zama saurayi, na kai kaya injin niƙan da ke ƙarshen unguwarmu. Mai injin ya tsufa. Ya dube ni ya ce, "Kai ne wan yaron nan mai zuwa kallon bel ɗin injina? Ina ya shiga? Yaron kirki, sai ya zauna a kan dutsen can ya yi ta kallon ƙafar injin tana juyawa, ko ƙuda bai kora ba. In na kashe ya tashi ya tafi." Uwata, duk gudun nan da yake yi, wurin yake zuwa. Tafiyar da ba ta fi ta shan ruwa ba. Mu muna cewa yana gudu daga gida. Ba wanda ya taɓa binsa ya gani, kowa tarewa yake yi ya dawo da shi.

Ban ce abokina haka yake ba, ban sani ba. Amma kin ce kullum wuri ɗaya yake nufa. Mai gudun banza ba ya zaɓen hanya.

Ranar Lahadi ba ki aiki, motoci ma sun fi sauƙi. Ki je wurin mai facin nan da ya cece shi, ki roƙe shi ya tsaya a bakin kwalta ya buɗe ido. Ki buɗe ƙofa. Kar ki kira shi, kar ki riƙe shi. Ki bi shi kafaɗa da kafaɗa, ke ta ɓangaren titi. In ya sa ƙafa a kwalta ku kama shi. In bai sa ba, ki ga inda za shi.

In abu ya faru, ni na ce a buɗe ƙofar. Na auna, na sake aunawa, na fi tsoron ƙafar da ya miƙo miki.

Sannan ki gaya wa malamarsa gaskiya, da babansa. Abin da ya kashe ƙanena har da rufin asiri. Kuma ki aiko min da zanen nan. Muddin yana ɗakin, wata rana za ki gaji ki ɗauko.

Kawunki.

*

Daga 'yar ƙanwarsa, ranar Talata

Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, dukkanmu. Na fara da wannan don kar ka sa Baba Tela ya tsallaka ƙarshe.

Na yi yadda ka ce. Mai faci ya ce, "Hajiya, ni taya nake tarewa, amma to." Ya ajiye aikinsa ya tsaya a bakin kwalta ya ware hannuwa kamar mai tsaron gida a filin ƙwallo. Na koma na zare sakata.

Ya fita. Kawu, ban san yana da gudu haka ba. Na yar da takalmana na bi shi. Ya miƙe zuwa titi, ina ganin wata farar mota tana tahowa, bakina ya buɗe zan yi ihu, na cije mayafina. Saura taku uku ya kai kwalta sai ya karya hagu. Akwai motocin da ake ajiyewa a gefen titi sun cinye hanyar ƙafa, dole sai an zagaya ta bakin kwalta a wuce su. Zagayen nan yake yi ranar motar yashi. Ranar nan da yake Lahadi ce babu motocin, sai ya bi ta jikin bango abinsa.

Shago na huɗu ya shiga, shagon wanki, mai injuna uku masu ƙofar gilashi. Ya zauna a ƙasa a gaban na tsakiya, ya kwantar da kai a kafaɗa, yana kallon kaya suna juyawa a cikin kumfa. Ni kuwa na durƙushe a bakin ƙofa ba takalmi, numfashi ya ƙi dawowa.

Mai wankin wata doguwar mata ce mai murya kamar lasifika. Ta ce, "Au, sufeto ya dawo! Ke ce uwarsa? Sau biyu yana zuwa duba min aiki, kafin in kawo masa kujera an zo an sure shi kamar ɓarawo." Na fashe da kuka a gaban matar da ban sani ba. Na gaya mata komai, har zanen. Ta ce, "Ni ba mai reno ba ce, kuma bakina ba shi da linzami. Amma daga ɗaya zuwa huɗu ina nan, injuna na juyawa. A gwada sati ɗaya."

Jiya aka fara. Ba lafiya lau aka yi ba. Wuta ta ɗauke da ƙarfe uku, injin ya tsaya, ya yi ihu ya ciji hannunsa har ya yi shaida. Ta kira ni a waya, na baro aiki, shugabar sashe ta ce kar a ƙara. Malamarsa ta ce za ta yi masa hoton injin a tsaye da hoton injin yana juyawa, a koya masa jira. Na gaya mata maganar zanen. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai riƙe hannuna, ta ce ranar Alhamis za mu zauna da likita. Babansa na gaya masa ta waya, ya ce zai sa a yi wa tagar ƙarfe in ya dawo.

Har yanzu ina jin tsoro. Ƙofar shagon a buɗe take wuni, titi yana nan inda yake, mai wanki tana iya cewa ta gaji kamar tsohuwa. Da na zo sa zanen a leda sai da na tsaya na ce ko in bar rabi. Ban bari ba. Ga shi nan duka tare da takardar nan. Ƙullin wajen ƙafar gado ya ƙi kwantuwa, sai da na ɗaga gadon na zare shi.

'Yarka.

*

Daga Kawu, ranar Asabar

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Ki gaida mai faci, ki gaida mai wanki, ki ce mata wani tsoho mai taurin kai yana sa ta a addu'a, ko tana so ko ba ta so.

Da Tela ya kai inda ya karya hagu, na ce ya dakata. Na fita waje na ɗan tsaya. Sannan na dawo ya ƙarasa.

Tsoron da kika ce yana nan, nawa ma yana nan. Kar ki jira ya tafi. In mai wanki ta gaji ki rubuto min a ranar, ba bayan wata huɗu ba, mu nemi wata dabara. Kuma daga yau ki riƙa miƙe kan harafin nan naki, tsufana ba zai ɗauki wani ba.

Zanen ya iso. Kin ja ƙullin da kyau, ba laifinki ba ne da ya ƙi kwantuwa, haka aka yi shi, in an ja ƙara cijewa yake. Tela ya miƙo min almakashi ya ce in huta. Na ce ya mayar da abinsa. Tun hantsi nake kansa a kan bencin nan, da farce da haƙori ɗaya da ya rage min a gaba. Yatsun ba kamar da ba, farcen babban yatsa ma ya tsage.

Ana kiran azahar ya kwance.

Kawunki.